Ƙwayar da Alu Ya Aika Safana

"Saki hannun. Na ce ka saki, ba bajimi na kama zan kayar ba."

Alu ya ƙara matse ƙyallen a damtsen dattijon, ya goge yatsa a gefen riga, ya danna maɓalli. Na'urar ta ɗauki gurnani tana hura iska. Dattijon, wani mai wake daga Ruma, ya runtse ido ya cije leɓe kamar wanda wanzami ya ɗora wa ƙaho. Ranar kasuwa ce a Batsari, layin mahauta ya cika da hayaƙi da ƙarar gatari a kan ƙashi, amma mutum huɗu sun bar abin da ya kawo su sun kewaye teburin Alu, suna leƙen lambobin da rabinsu ba su iya karantawa ba.

"Ɗari da sittin," in ji Alu. "Ya hau. Tun yaushe ƙeyar take sara maka?"

"Ba ta sara mini ba. Cewa aka yi in zo ka gwada ni."

"To gara da ka zo."

Ya zaro katin ƙwaya daga aljihun gaba, ya yanki layi ɗaya da bakin wuƙa, ya miƙa masa. "Ɗaya kullum da safe. Ka rage gishiri, ka bar kitse."

"Kitsen ka zo nan ka saya," in ji Armaya'u, maƙwabcinsa a rumfa, yana korar ƙuda da reshen darbejiya. "Dokta ne ya hana, ni ban hana ba. Dokta, in ka gama duba marasa lafiya, ga baiwar Allah nan tun ɗazu tana jiran tsoka."

Aka kwashe da dariya. Alu ya naɗe na'urar ya sa a jakarta, ya ɗauki wuƙa.

Shekara tara ke nan da ya yanke jiki ya faɗi a mayanka. Aka kai shi Katsina, aka ce hawan jini ne, aka ɗora shi a kan wata 'yar farar ƙwaya. Ya dawo da ita, ya dawo da na'urar awo mai batir, ya kuma dawo da ra'ayi. In ƙwayar ta ƙare sai ya kai kwalinta kemis a ba shi irinta, ya sayi har da ta rabo. Bai taɓa karɓar komai a hannun kowa ba. Lada yake nema, kuma da zuciya ɗaya. Sai dai kyakkyawar niyyar ba ta ƙara masa sanin komai ba. A wurinsa hawan jini ɗaya ne, maganinsa ɗaya ne, kuma yana cikin aljihunsa. In wani ya ja da shi sai ya nuna magudanar da ke bayan rumfa ya ce, "Shekara talatin ina ganin jini. Na bajimi, na karsana, na tsohuwar saniya, duk ja ne." Mutane kuwa sun fi son mai ba su amsa a tsaye a kan zaman jiran asibiti, shi ya sa teburinsa ba ya rabo da hannuwa a miƙe.

Yana cikin yankar wa matar tsokarta aka yi sallama. Malam Rilwanu ne, malamin firamare da aka turo Wagini amma yake kwana a Batsari. Bai kai talatin ba. Wata huɗu da suka wuce ya zo sayen nama yana dafe da kai, Alu ya auna shi ya ɗora shi a kan ƙwaya. Yau rigarsa ta yi masa yawa.

Suka gaisa, aka tambayi gida da ruwa da ɗalibai da hanya. Sannan Rilwanu ya ajiye wani ƙullin leda a gefen tebur.

"Baba Alu, ga sauran ƙwayarka. Na gode ƙwarai, amma an hana ni sha."

"Wa ya hana ka?"

"Likita, a Katsina. Kwana tara na yi a kwance."

"Subhanallahi. Ai ban ji ba. To jinin ne ya ƙi sauka? Da ka zo na ƙara maka ta zama biyu."

"Yana sauka. Abin da ya ruɗe ni ke nan. Likitan cewa ya yi nawa ba irin naka ba ne. Naka na shekaru ne da gado, shi ake lallaɓawa da magani har ƙarshen rai. Nawa daga ƙoda ya taso. Ya ce yaro kamata in jininsa ya hau haka, dalili ake fara nema, ba ƙwaya ba. Wata huɗun nan lamba tana sauka ina murna, ƙodar tana can tana lalacewa ba wanda ya leƙa ta."

Alu ya sa hannu cikin kayan ciki ya ɗago ƙodar saniya, ya jijjiga ta a gaban malamin. "Wannan? Me ya haɗa ta da jini? Ta fitsari ce, kowa ya sani."

"Ita ke tace shi, Baba."

"Yaran likitocin nan, kowa da abin da zai ƙirƙiro."

"Dokta, an zo har ofis ana yi maka gyara," in ji Armaya'u.

"Ni ba rigima ta kawo ni ba," in ji Rilwanu yana murmushi. "Sun ce an tare ta da wuri, alhamdu lillahi. Har tsiya likitan ya yi mini. Ya tambaye ni ko ina da mata, na ce sai bayan babbar sallah in Allah ya yarda. Ya ce to in ta zo ta samu juna biyu, kada ta kuskura ta kusanci irin wannan ƙwayar, tana taɓa abin da ke ciki. Ya ce mai ciki nata hawan jinin daban ne, maganinsa daban, kuma ya fi kowanne gaggawa. Shi ne yake kawo jijjiga."

Wuƙar Alu ta tsaya a tsakiyar nama.

Kwana shida da suka wuce wani direba ya tsaya a bakin rumfar nan da saƙo daga Safana. Yayarsa Tasalla ce ta aiko: a gaya wa Alu ɗiyarsa na fama da ciwon kai, ƙafafunta sun kumbura. Alu bai tambayi komai ba. Ya naɗe kati guda cikakke a takarda ya ba direban, ya ce a kai wa Tasalla ta ba yarinyar nan, ɗaya kullum da safe.

Zulaihat ita ce 'yarsa ta fari. A gidan su Alu, kamar gidaje da yawa a ƙasar, ba a kama sunan ɗan fari, ba a ɗaukarsa a gaban mutane, ba a tambayar lafiyarsa sai ta bakin wani. Ranar da aka yaye ta Tasalla ta goya ta zuwa Safana. Can ta girma, daga can aka kai ta ɗakin miji a Runka, can kuma ta dawo goyon ciki. Shekara ashirin Alu yana ce mata "yarinyar wajen Tasalla". Kowace sallah yakan ware hanta mafi kyau ya aika, bai taɓa cewa ta wace ce ba. Kunya ce, kuma akwai mutunci a cikinta. Amma gaskiya ita ce mutumin da ya auna rabin Batsari bai auna 'yarsa ba, bai ma san watan cikinta nawa ba.

Ya ajiye wuƙar, ya ciro waya ya kira Tasalla. A kashe. Ya sake kira. A kashe. Ya kira na uku yana kallon ƙasa.

Armaya'u ya daina korar ƙuda. "Lafiya? Ka ga yadda ka koma kuwa?"

"Na aika da kati Safana."

"Ga Tasalla?"

"Ga yarinyar wajenta."

"Zulai? Mai ci..." Armaya'u ya haɗiye sauran. Ya dubi Rilwanu, ya dubi rana. Duk tsiyarsa, ya san inda ake daina wasa. "Wanke hannu ka tafi. Naman nan ni zan ji da shi. In ka tsaya jiran mota ta cika sai gobe, ka hau babur."

Alu ya wanke hannu sama-sama, ya rataya jakar na'urar a wuya. Rigar aikin ce a jikinsa, da jini da maiƙo, bai tuna da sauyawa ba sai da suka bar gari.

Ɗan kabu-kabun ya ce in za a je a je yanzu, shi ba ya yarda la'asar ta same shi a hanyar nan. Suka miƙa. Dawa ta yi tsayi har ta rufe mutum, wani wurin kuma gonaki ne kwance cikin ciyawa, masu su sun bar wa 'yan bindiga. A shingen jami'an tsaro biyu aka tsayar da su, aka dubi rigar Alu, aka buɗe jakar, ya ce shi mahauci ne, wannan kuma ta awon jini ce. Wani jami'i ya naɗe hannun riga ya ce a gwada shi. Karo na farko cikin shekara tara Alu ya ce wa mutum sai wani jiƙon.

Suka wuce Runka ba su tsaya ba. Mijin Zulaihat ba ya garin, yana Kaduna yana tura baro tun da gonarsa ta faɗa cikin wuraren da ba a zuwa.

Alu ya san jijjiga. Yana saurayi ya ga an danne matar maƙwabcinsu, an sa mata cokali a baki, ana turara mata hayaƙi ana cewa iska ce. Kafin magariba aka fito da ita a makara, da ita da cikin. Bai taɓa haɗa wannan da lambobin na'urarsa ba sai yau. Ya dafa kafaɗar mai babur ya ce ya ƙara wuta.

Ya tarar da Tasalla a tsakar gida ta miƙe ƙafa tana tsinkar zogale. Ta haura saba'in, ita ta goye shi yana yaro, kuma ba ta taɓa bari ya manta ba.

"Lale, lale. Alu ne da rana tsaka, ran kasuwa? Wa ya mutu?"

"Yaya, ina wayarki?"

"Ko gaisuwa babu? Tana wajen caji, kwana biyu ba wuta. Ya mutanen gidan? Ya ruwa?"

"Lafiya lau. Ƙwayar da na aiko fa?"

"Allah shi yi albarka, tana da kyau. Gwiwata ta yi sauƙi."

"Gwiwarki?"

"Uku ta sha ta ce tana sa ta jiri, ta ƙi. In zubar? Sai nike sha."

Alu ya rasa ko hamdala zai yi ko faɗa. "Tana ina?"

Tasalla ta yi nuni da haɓa zuwa wani ɗaki da aka toshe tagarsa da zane. "Tun jiya ba ta son haske. Cikin fari ne, shagwaɓa ta yi yawa. Kumburin kuwa ni na ce tagwaye ne. Uwarmu da ta yi cikin su Hassana haka ta yi, zobe ma sai da aka yanke."

"Ta je awo?"

"Sau biyu, tana Runka. Da ta zo nan mi za ta je yi? Ga ni."

Alu ya tsaya a bakin ƙofar, labule tsakaninsa da ɗakin. Ya ciro na'urar ya miƙa wa Tasalla, ya nuna mata a nasa damtsen yadda ake ɗaurawa da inda ake dannawa. Ta shiga tana mita. Ya ji gurnanin, ya ji ya tsaya. Ta fito da ita, babu lamba sai wasu haruffa. Ta ɗaura a juye. Ya sake nuna mata, ta sake shiga, ta sake fitowa da haruffan.

"Wannan abu naka ba ya son mata," in ji ta.

Alu ya karɓa. Ya dubi labulen kamar bangon siminti. Sannan ya yi sallama da ƙarfi ya ɗaga shi.

"Alu!" in ji Tasalla. "Kanka ɗaya?"

Ɗakin da duhu da warin man zafi. Zulaihat ta yunƙura za ta sauko daga gado ta durƙusa, tana jan mayafi ta rufe fuska.

"Zauna. Kada ki sauko."

Kafin mayafin ya rufe ya riga ya gani. Da a hanya ya gamu da ita da bai gane ta ba. Idanun sun shige cikin kumburi, yatsun sun yi sulɓi kamar an hura su. Ya tsuguna a gaban gadon.

"Kawo hannun."

Ba ta motsa ba. Ya kamo shi da kansa. Rabonsa da taɓa hannun nan tun yana iya rufe shi duka a tafinsa. Da ƙyar ƙyallen ya zagaye damtsen. Ya danna. Su uku suka kasa kunne ga gurnanin.

Ɗari da saba'in da takwas a sama. Ɗari da goma sha takwas a ƙasa. Ko ranar da ya faɗi a mayanka nasa bai kai haka a ƙasa ba.

"Me kike ji?"

Ta juya kai wajen ƙofa. "Goggo, ki ce masa ba komai."

"Ba Goggo ta tambaye ki ba. Zulaihatu, ni za ki gaya wa."

Tasalla ta saki salati ta dafe ƙirji. Sannan daga ƙarƙashin mayafin muryar Zulaihat ta fito, ƙarama.

"Kaina kamar zai tsage, Baba. Ina ganin wasu abubuwa suna walƙiya. Nan ƙasan haƙarƙari yana mini ciwo." Ta ɗan tsaya. "Kuma tun safe bai motsa ba."

Hannun Alu ya tafi aljihun gaba da kansa, har ya taɓa katin. Shekara tara hannun yana bin hanyar nan. Ya janye shi ya miƙe.

"Yaya, ɗauko mata hijabi. Asibiti za mu."

"Yanzu? Mai cikin fari a ratsa gari da ita rana tsaka, ubanta a gaba? Ka bari a yi magariba mana, ni in raka ta."

"Ba za ta kai magariba a ɗakin nan ba."

Ya faɗe ta ba ado. Tasalla ta dube shi, ta ga ba ƙanen da ta goya ba ne yake magana, ta juya ta buɗe akwati. Shi kuma ya fita da sauri har tasha ya yi shatar mota.

A asibitin garin wata malamar jinya ce ta karɓe su, gajera, mai kaurin murya, ana ce mata Sista Mahfuza. Kallo ɗaya ta yi wa fuskar Zulaihat ta ture katunan da ke gabanta. Ta auna ta da tasu na'urar, ta sa aka kawo fitsari ta tsoma wani ɗan tsinke ta duba launinsa, ta ƙwala wa abokiyar aikinta kira. Aka shige da Zulaihat ciki. Alu da Tasalla suka zauna a benci. Ta ƙofar da ba ta rufu sosai ba ya ji ana fasa kwalaben allura.

Da Sista ta fito hannunta riƙe da biro. "An yi mata allurar da ke tare jijjiga, an ba ta maganin saukar da jini irin na masu ciki. Ta sha wani abu a gida?"

Tasalla ta gyara zama. "Wata 'yar ƙwaya ce, wani ya aiko."

"Wane wani?"

"Ni ne," in ji Alu. Ya zaro katin ya miƙa mata.

Ta karanta bayansa, ta ɗago ta dube shi tun daga hula har takalmi. "Kai ne wa?"

"Mahaifinta."

"Likita ne kai?"

"Mahauci ne."

"Na ga alama. Nawa ta sha?"

"Uku," in ji Tasalla da sauri. "Sauran ni na sha."

"Ke kuma hawan jini gare ki?"

"Gwiwa."

Sista Mahfuza ta rufe ido ta buɗe. "Allah ya ba mu haƙuri da ku. Baba, Allah ya taimake ka ta ƙi sha. Wannan a wurinka magani ce, a wurin mai ciki ɓarna ce. Wa ya ce maka ka ba ta?"

"Na ga hawan jini ne. Ni ma shi gare ni."

"In aka kawo maka saniya ta rame, me ya ramar da ita?"

Tambayar cikin sana'ar Alu take, ba zai iya ƙin amsawa ba. "Ya danganta. Wata hanta ce ta lalace. Wata huhu. Wata leda ta haɗiya ta cushe mata tumbi. Sai an buɗe ake sani."

"Daga waje fa?"

"Daga waje duk rama ce."

"To lambar da kake gani a na'urarka ita ce ramar. Naka ya zo da shekaru, yana tafiya a hankali, ana zaune da shi. Wani nasa ƙoda ce ko wata cuta a ɓoye, in ba a gano ta ba ƙwaya rufe ta kawai take yi. Na 'yarka ciki ne ya kawo shi, a kwana biyu yana iya kayar da mace, kuma yawanci ba ya barinta sai an rabu da cikin. Akwai ma wanda ganin farar rigar nan ko jin an matse masa hannu shi ke hau masa da jini. Ya koma gida lafiyarsa ƙalau. Ka ɗora wannan a kan ƙwaya, ya je ya yanke jiki a gona."

Alu ya tuna dattijon Ruma da idonsa a runtse, wanda ko ƙeyarsa ba ta sara ba.

"Mutum nawa ka ba?" in ji ta.

"Da yawa."

"Sai ka bi su ɗaya-ɗaya ka turo su a duba su. Na'urar kada ka jefar, da ba ka auna ta ba da yanzu kuna gida kuna jiran magariba. Ka auna, in ka ga ya hau ka ce a zo nan. Iyakarka ke nan." Ta juya kan Tasalla. "Ke kuma Iya, daga yau ko rabi kada ki ƙara."

"Gwiwar fa?"

"Ki zo ranar Litinin a duba gwiwar."

Alu ya gyara murya. Maganar ta yi masa nauyi a gaban yayarsa, amma ya fitar da ita. "Sista, ta ce tun safe bai motsa ba."

Fuskar Sista ta sauya kaɗan. "Ta gaya mini. Uwar muka fara tarewa. Bari jinin ya ɗan lafa, zan duba. In an gama za mu tura ku Dutsin-ma, can akwai likitan da zai yanke ko a jira ko a ciro shi." Ta koma ciki.

Aka kira la'asar. Alu ya yi alwala a famfon harabar, ya yi salla a gindin wata bishiya tare da masu jinya. Hanyar Batsari ta rufu gare shi sai gobe, bai ko damu ba. Ya daɗe a zaune bayan sallama. Ya roƙi Allah abubuwa da yawa a rayuwarsa, kasuwa da lafiya da rufin asiri, amma bai taɓa roƙa wa yarinyar nan komai da sunanta ba sai yau.

Da ya dawo Tasalla ba ta kan bencin. Ƙofar a buɗe take, Sista ta hango shi.

"Baba, jinin ya fara sauka. Ɗari da hamsin yanzu. Ta ce walƙiyar ta ragu."

"Alhamdu lillahi."

"Zan duba ɗan. In kana so ka tsaya daga nan."

Mutumin kirki a al'adarsu wucewa zai yi can bakin titi. Alu ya tsaya a bakin ƙofar, ya juya baya ga gadon, ya zuba wa bango ido.

Ya ji an kunna wata 'yar na'ura. Sai shuu, kamar rediyon da ta rasa tasha. Shuu ɗin ya yi ƙasa, ya yi sama. Sista ta ce wa Zulaihat ta ɗan juya. Shuu. Tasalla ta fara jan salati ƙasa-ƙasa. Alu ya dafa ƙyauren. A waje wani yana tallan ruwan leda.

Sai ga shi. Da farko can nesa, sannan ya cika ɗakin: fat-fat-fat-fat, da sauri, ba tsayawa, kamar 'yan mata biyu suna lugude a turmi ɗaya.

"Ga shi nan," in ji Sista. "Ɓuya ya yi, ɗan nema."

Tasalla ta fashe da kuka da dariya a haɗe. "Ɗaya ne ko biyu? Ki duba da kyau."

"Ɗaya nake ji, Iya. Ki yi haƙuri da shi."

Alu bai juyo ba. Ya saurara, kansa a karkace. Shekara tara yana jin bugun jinin mutane, bai taɓa jin mai gudu irin wannan ba.

"Sista, wannan saurin fa? Ba shi ma ya hau ba ne?"

Daga kan gadon wata 'yar dariya ta kuɓuce daga ƙarƙashin hijabi, aka yi maza aka danne ta.

"Na 'yan ciki haka yake, Baba," in ji Sista. "In ya yi irin naka, sannan ne za mu tashi hankali."

Alu ya buɗe baki. Yana da abin cewa, kullum yana da abin cewa. Ya rufe.

Sista ta kai hannu za ta kashe na'urar.

"Ɗan dakata," in ji shi, har yanzu fuskarsa na ga bango. "Bar shi kaɗan."